Zafi, ambaliya da tsadar masara: yadda sauyin yanayi ke cin ƙananan masu kiwon kaji, da dabarun da ke aiki

Kaza ba ta yin gumi. Zafin jikinta a cikin ƙoshin lafiya yana tsakanin digiri 41 da 42 a ma'aunin Salshiyas, ga gashi lulluɓe da ita, kuma ba ta da hanyar rage zafin sai iskar da ke bi ta jikinta, sai zanko da ƙafafu, sai kuma haki. Kajin gidan gona, na nama da masu ƙwai, sun fi sakewa idan zafin ɗaki yana tsakanin digiri 18 da 24. Da ya kai 28 za a ga sun fara buɗe baki. A 32 cin abinci ya ja baya sosai. Daga 35 zuwa sama, musamman in akwai danshi a iska, an shiga zangon mutuwa. To a Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Yola, digiri 40 a inuwa cikin watan Afrilu ba labari ba ne, balle a ƙarƙashin rufin kwano da rana ta gasa tun hantsi.

Wani zai ce ai bazara ba yau aka fara ta ba. Gaskiya ne. Abin da ya sauya shi ne tsananinta, da tsawonta, da kuma daren da ya daina yin sanyi. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi da aka taɓa aunawa a duniya zuwa lokacin, kuma a ranar 3 ga Afrilun shekarar garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5. Masanan da suka bi diddigin wannan zafi na Sahel sun ce da ba don ɗumamar da ɗan Adam ya jawo ba, da bai kai haka ba. Ta fuskar ruwan sama ma an samu canji: wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadari masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki, sannan a Satumbar 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri.

Manyan gonaki suna da rufaffun ɗakuna masu fankoki da injin wuta. Mai kaji ɗari biyu ko ɗari biyar a bayan gida ko a wani kango ba shi da wannan, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ko ƙaramin janareta ya zama nauyi. Abin da ya rage masa shi ne sarrafa abubuwa huɗu da ke hannunsa: yawan kajin da ya zuba, rufin ɗaki, ruwa, da lokaci. Magani yana can baya da waɗannan, duk da cewa shi aka fi rugawa a saya.

Abin da zafi ke yi a jikin kaza

A leƙa ɗakin kajin nama 'yan sati biyar da ƙarfe uku na rana a tsakiyar Afrilu. Babu mai ci. Sun baje fukafukai, sun miƙa wuya, baki a buɗe, maƙogwaro yana kaɗawa. Wasu sun tona shimfiɗa sun manna ƙirji da siminti, wasu sun yi cincirindo a bakin mazubin ruwa sun hana na baya isa. Tsakanin la'asar da magariba ake fara tsintar gawa, kuma waɗanda ke mutuwa su ne manya, masu ƙiba, waɗanda aka fi kashe wa kuɗi. In aka feɗe su sau da yawa za a ga naman ƙirji ya yi fari-fari kamar an tafasa shi.

Dalilin da ya sa manyan ne ke fara tafiya shi ne kowace kaza tana fitar da zafi daga jikinta, kuma gwargwadon nauyinta gwargwadon zafin. Kazar nama mai kilo biyu tana fitar da wajen wat 10 zuwa 15. Ɗari biyar a ɗaki ɗaya kamar a jona dutsen guga biyar ko shida ne a bar su a kunne dare da rana. In dare ya yi sanyi, kaza za ta sauke zafin da ta tara ta wayi gari da ƙarfinta. In kuwa dare ya tsaya a digiri 29 ko 30, da ragowar zafin jiya za ta shiga gobe, shi ya sa mutuwar ta fi yawa a kwana na biyu da na uku na tsananin zafi, ba a ranar farko ba.

Masu ƙwai ba su cika faɗuwa haka ba, amma asararsu ta fi ɓoyuwa. Haki yana fitar da iskar kabon dayoksaid daga jini fiye da kima, kuma daga wannan iskar ce jiki ke samar da sinadarin da ke haɗuwa da kalsiyam a gina ɓawon ƙwai. Ga shi kuma kazar da ke cin giram 110 zuwa 120 a rana ta koma cin 90 ko ƙasa da haka, wato kalsiyam ɗin da ke shiga cikinta ma ya ragu. Sakamakon shi ne ƙwai ƙanana, ɓawo sirara, fasassu da yawa a kiret, sannan yawan ƙwan kansa ya sauka. Ko bayan zafin ya wuce, sai an ɗauki makonni kafin su dawo daidai.

Akwai kuskuren da ya zama ruwan dare: mai kiwo ya ga kaji suna haki sai ya ɗauka mura ce, ya zuba musu maganin ƙwayoyin cuta. Bambance su ba wuya. Hakin zafi yana lafawa da asuba, babu majina, babu kumburin fuska. Ciwon numfashi kuwa da dare aka fi jin sa, in aka tsaya shiru za a ji ƙarar kakari da atishawa. Zuba wa kazar da zafi ya dama maganin ƙwayoyin cuta asarar kuɗi ce, kuma in maganin yana da ɗaci har ruwan ma za ta rage sha, a daidai lokacin da ruwan ne ke riƙe da ranta.

Ɗaki da yawan kaji

Mafi arha cikin dabaru, kuma wadda aka fi ƙi, ita ce rage yawan kaji. Ɗaki mai faɗin mita 5 da tsawon mita 10 yana ɗaukar kajin nama 500 a lokacin sanyi, wato goma a kowace murabba'in mita. A bazara 300 zuwa 350 ya kamata a zuba. Masu ƙwai da ke kan shimfiɗa a ƙasa a sauko da su daga biyar ko shida zuwa huɗu a murabba'in mita, na keji kuma in ana sa huɗu a gurbi a mai da su uku. Mai kiwo yakan ga kamar ya yar da ribar kaji 150 ne. Amma in ya cika ɗakin, abincin sati biyar zai ciyar da su kafin su mutu a hannunsa, waɗanda suka tsira kuma ba su yi nauyin kirki ba.

Ga wanda zai yi sabon gini, tsawon ɗakin ya miƙa daga gabas zuwa yamma, don rana ta bi ta saman rufi maimakon ta shigo ta gefe. Faɗi kada ya wuce mita 8 zuwa 9, in ya wuce iska ba ta ratsa tsakiya. Bulo layi biyu ko uku ya isa, sauran duk waya har sama. Rufi ya yi tsayin mita 3 a gefe, bakinsa ya zarce bango da mita ɗaya ko fiye don ya tare rana da feshin ruwa, sannan a bar kafa a ƙololuwa mai 'yar rumfa a kanta inda iska mai zafi za ta fita. Yawancin ɗakunan da ke kashe kaji a birane ɗakunan mutane ne aka mayar na kaji: bango har sama, taga ɗaya, katangar maƙwabci ta tare iska.

Wanda ya riga ya gina ba sai ya rushe ba. A shimfiɗa ciyawa, zana ko karan dawa a saman kwano, kauri kamar taƙi ɗaya, a ɗaure da waya don iskar farkon damina. In ba haka ba a shafe kwanon da farar ƙasa ko farin fenti, a sabunta duk shekara. A fasa bango a sa waya. A kakkaɓe ƙurar hunturu da yanar gizo-gizo da suka toshe wayar, domin wayar da ta toshe rabin iska kawai take bari. Bishiya a gefen yamma tana taimakawa in an sare rassanta na ƙasa, amma kada ta zama wurin kwanan tsuntsaye, saboda murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a Najeriya a jihar Kaduna a Fabrairun 2006, ba ta daina dawowa ba.

Sai batun jiƙa buhu a rataye a jikin waya, ko yayyafa ruwa a ɗaki. A nan ne ake ruɗewa, domin zafi iri biyu ne. A watan Maris da farkon Afrilu iskar Arewa busasshiya ce, ruwan da ke jikin buhun algarara yana ƙafewa nan take ya tafi da zafi, ɗaki ya yi sanyi da 'yan digirori. Amma daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni, lokacin da hadari ke haɗuwa yana watsewa, iska ta riga ta cika da danshi. Ruwan ba ya ƙafewa, kuma hakin kazar ma ba ya aiki, tun da shi ma ƙafar da ruwa ne daga maƙogwaro. Ƙara ruwa a ɗaki a irin wannan rana ƙara musu wahala ne. A lokacin iska mai motsi ake bukata: a ɗage labule gaba ɗaya, in akwai fanka mai aiki da hasken rana a sa ta daidai tsayin kajin, ba can sama ba. Zuba ruwa a kan rufi daga waje shi ne ke aiki a kowane hali, matuƙar bai zubo ciki ba.

Ruwa da abinci

A yanayi mai daɗi kaza tana shan ruwa ninki biyu na abincin da ta ci. Mai ƙwai tana shan kusan rubu'in lita. A bazara takan ninka. Kaji 500 da ke shan lita 125 za su nemi 200 zuwa 250, wato jarka goma 'yar lita 25, a daidai watannin da rijiyoyi ke ƙafewa kuma 'yan garuwa ke ƙara kuɗi. Duk wanda bai yi lissafin ruwan Afrilu ba kafin ya sayi 'yan tsaki a Fabrairu, bai gama lissafi ba.

Yawan ruwan bai isa ba, sai da sanyinsa. Kaza ba ta son ruwa mai ɗumi, in ya kusa zafin jikinta ƙin sha take yi ko tana mutuwa da ƙishi. Baƙin tanki a kan ƙarfe a tsakiyar rana, da bututun roba da ke bi ta ƙarƙashin kwano, tukunyar dafa ruwa ce. A yi wa tankin rumfa, a naɗe shi da buhu ana jiƙawa, a binne bututu a ƙasa, da rana a riƙa zubar da ruwan da ya kwanta a layi. Mai kaji kaɗan randa ta ishe shi. A sauya ruwa sau uku ko huɗu tsakanin hantsi da la'asar, a ƙara yawan mazubai da kamar rabi don kada kaza ta yi tafiyar fiye da mita biyu kafin ta sha. In an samu ƙanƙara a jefa a tanki da tsakar rana.

Abinci kuwa narkar da shi yana haifar da zafi a jiki, kuma zafin yana kai ƙololuwa sa'o'i kaɗan bayan ci. Kazar naman da ta cika ciki da ƙarfe goma na safe, zafin cikinta da na rana za su haɗu mata da ƙarfe biyu. Don haka daga sati na huɗu, a ranakun tsananin zafi, a ba su abinci da asuba, a ɗage mazubai wajen ƙarfe tara, a mayar da ƙarfe biyar, a bar musu fitila su ci da dare. In za a mayar a tabbatar mazuban sun wadata, domin turereniyar yunwa ita ma tana kisa. Ga masu ƙwai a ba da kashi ɗaya cikin uku da sassafe, kashi biyu da yamma. Ɓawon ƙwai da dare ake gina shi, yana ɗaukar wajen sa'a 20, saboda haka da yamma ake watsa musu ɓarzajjen ɓawon kawa ko dutsen kalsiyam mai tsakuwa-tsakuwa, ba gari ba, don ya daɗe a ƙundu yana narkewa a hankali. Wasu suna kunna fitila sa'a ɗaya ko biyu a tsakar dare su ci su sha cikin sanyi, kuma yana gyara ɓawo.

Abubuwan ƙari suna da amfani in an san iyakarsu. Bekin soda giram 50 zuwa 75 a buhun abinci mai kilo 25 yana mayar da abin da haki ya fitar. In aka zarce, sai zawo da jiƙaƙƙiyar shimfiɗa. Wasu suna amfani da kanwa a madadinsa, amma ƙarfin kanwa ba ɗaya ba ne daga wannan dunƙule zuwa wancan, don haka auna ta da wuya. Bitamin C kamar giram 5 a buhu yana rage wahalar zafi. Gara a fara ba su kwana ɗaya ko biyu kafin zafin ya tsananta, kuma a nan ne gargaɗin da hukumar kula da yanayi ta NiMet ke fitarwa yake da amfani. Masu haɗa abinci da kansu su ƙara mai kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari, domin mai yana ba da kuzari ba tare da zafin narkewa mai yawa ba. Kada a ce tun da ba sa ci sosai bari a tula musu waken suya: furotin shi ya fi kowane sinadari haifar da zafi. Kuma abinci mai mai ba ya jure ajiya, na sati biyu ya isa a saya a bazara.

Kazar da ta riga ta kwanta tana numfashi sama-sama, a tsoma ta a ruwa mai sanyin randa zuwa wuya na ɗan lokaci, a ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa. Kamu, allura, yanke baki da lodi zuwa kasuwa, duk a bar su sai asuba ko dare.

Kalandar zuba kaji

Ƙananan masu kiwon kajin nama da yawa Sallah suke hari. Sai dai a 'yan shekarun nan Sallah ta faɗo cikin zafi: Ƙaramar Sallah ta 2024 ta kama 10 ga Afrilu, ta 2025 kuma 30 ga Maris, Babbar Sallah kuwa a shekarun biyu cikin Yuni ta kama. Wato kajin suna kai nauyinsu mafi haɗari a makonnin da suka fi zafi. Tun da watan Musulunci yana matsowa da wajen kwana 11 duk shekara, Ƙaramar Sallah tana komawa cikin sanyi, Babbar kuma tana shigowa tsakiyar bazara. Masu lura sun fara sayar da kaji a sati biyar zuwa shida maimakon riƙe su har takwas, ko su fara tsame manyan suna sayarwa don ɗaki ya yi sarari. Wasu kuma sukan bar ɗaki fayau daga tsakiyar Maris zuwa saukar ruwa, su wanke, su gyara rufi. Hutun wata biyu ya fi bashin wata shida.

'Yan tsaki su zafi suke so, digiri 32 zuwa 35 a satin farko, ana rage kamar digiri 3 duk sati. Wannan ya sa renon su a bazara ya fi arha, sai dai a nan ma ana yin ɓarna: a kunna musu gawayi da rana tsaka, a rufe da leda, saboda haka aka saba a Disamba. Su da kansu suke faɗa. In sun dunƙule wuri ɗaya sanyi suke ji, in sun watse jikin bango suna haki zafi ya yi yawa. Yawancinsu daga wajen Ibadan ake kawo su, sun kwana a mota, don haka ruwa mai gulukos ake fara ba su kafin abinci.

Damina da hunturu

Ruwan da ke sauka da yawa a lokaci ɗaya shimfiɗa yake fara ɓatawa. Ɓawon katako ko buntun shinkafa da ya jiƙe, ga ɗumi, cikin kwana ɗaya ko biyu ƙwayayen cutar kashin jini sun nuna sun fara kama kaji, musamman 'yan sati uku zuwa shida. Gwajin shimfiɗa a hannu yake: a damƙa a saki, in ta wargaje lafiya, in ta dunƙule ta jiƙe. A kwashe wurin da ya jiƙe nan take, musamman ƙarƙashin mazubin ruwa. Daɓen ɗaki ya ɗara ƙasar waje da aƙalla taƙi ɗaya da rabi, a haƙa lambatu kewaye, buhunan abinci a kan katako nesa da bango.

Labule kuma daga ƙasa ake ɗaure shi, ya riƙa buɗewa ta sama. Mai kiwon da ya rufe ɗaki ruf don gudun feshin ruwa ko sanyin hunturu, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago: iskar amoniya daga kashi ta taru ta ƙone musu ido da hanyar numfashi. A durƙusa daidai tsayin kaza a shaƙa. In ido ya yi yaji, su sun daɗe suna shan wahala. Haka hayaƙin gawayi a rufaffen ɗakin 'yan tsaki yake kashe su cikin dare ba tare da alamar ciwo ba.

Bayan ambaliya rijiya ba abin yarda ba ce, ruwan masai da na kwata ya shiga. A sa wa ruwan sha sinadarin kulorin, amma a dakatar da shi kwana biyu kafin a ba da rigakafi a ruwa, in ba haka ba zai kashe rigakafin.

Masara

Abinci yana cin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwo, kuma rabin abincin ko fiye masara ce. Ba daidai ba ne a ɗora wa yanayi duk tsadar da aka gani. Faɗuwar darajar naira, kuɗin mota da rashin tsaro da ya kori manoma daga gonaki sun taka rawa babba. Amma jinkirin damina, tsayawar ruwa ana tsakiyar fitar furen masara, ambaliya a fadamu, da tsutsar nan mai cinye zuciyar masara da aka fara gani a Najeriya a 2016, duk suna rage abin da ke isa kasuwanni irin su Dawanau.

Abin da ya fi tsada haɗari shi ne gubar aflatoksin. Funfunar da ke haifar da ita ta fi kama masara da gyaɗar da fari ya wahalar a gona, sannan ruwan ƙarshen damina ya same su ba su bushe ba. Kaji ba sa faɗuwa nan take. Girma ne ke tsayawa, ƙwai ya ragu, hanta ta kumbura ta yi rawaya, rigakafi ya daina kamawa, mai kiwo ya yi ta sauya magani. Masarar ajiya sai danshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin ɗari. In babu na'ura a ciza: busasshiya tana fashewa ƙas. Mai warin funfuna, ko ƙuli-ƙulin da ya yi kore, arharsa ba riba ba ce. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta samar da wani magani mai suna Aflasafe da ake watsawa a gona don rage gubar, kuma masu haɗa abinci suna zuba sinadarin da ke kama ta, amma ba ya mayar da ruɓaɓɓiyar masara lafiyayya.

Dawa ta fi masara jure fari, kuma farfara da kaura suna iya maye gurbin rabin masarar ko fiye. Jar dawa mai ɗaci ce ke da sinadarin da ke hana narkewa. In aka koma farar dawa gwaiduwar ƙwai takan yi fari, sai a ƙara ɗan garin ganyen zogale. Duk sauyin abinci a yi shi a hankali cikin mako guda. Masu ƙaramin jari da ke haɗa kuɗi su sayi hatsi da kaka su ajiye a buhu mai hana iska shiga, su ne ba sa rufe ɗaki a watan Yuli.

Irin kaza da rigakafi

Kajin gida sun fi jure zafi saboda ƙananan jiki ne da su kuma suna neman inuwa da kansu. Shazumama da mai wuya ba gashi sun fi sauran, tun da zafi yana fita ta inda gashi bai rufe ba, don haka bai kamata a raina su a garke ba. Tsakanin kajin gida da na gidan gona akwai Noiler, da FUNAAB Alpha ta jami'ar aikin gona ta Abeokuta, da Shika Brown mai ƙwai wadda cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, Zariya, ta samar don yanayin ƙasar nan. Ba sa kai kilo biyu a sati shida, sai wata uku ko fiye, amma suna iya kiwo a tsakar gida su rage kuɗin abinci, kuma ba sa zubewa a rana ɗaya. Su ma dai suna bukatar inuwa da ruwa.

A karkara, inda mata ne suka fi riƙe kaji, babban mai kisa cutar Niyukasul ce, annobar kaji mai saurin yaɗuwa, wadda ta fi share akurki a lokacin hunturu. Kazar da zafi da ƙarancin abin tsattsaga suka raunana ta fi saurin kamuwa. Yawancin alluran rigakafi sai an ajiye su tsakanin digiri 2 da 8, kuma kwalbar da ta yi yini a aljihu ko a firjin da ba wuta ta riga ta mutu, ko da ba a ga alama a jikinta ba. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin rigakafin Niyukasul nau'in I-2 mai jure ɗumi, wanda ake ɗiga wa kaza a ido duk wata uku zuwa huɗu. Jure ɗumi ba ya nufin a bar shi a rana, a naɗe shi da jiƙaƙƙen ƙyalle a kwando. Zagaye ɗaya ya kamata ya faɗo a watan Oktoba, kafin iskar hunturu ta taso. Masu ba da Lasota, wani nau'in rigakafin Niyukasul, a ruwa su yi da asuba, kafin a ba da shi su ɗauke ruwa sa'a ɗaya kacal a bazara maimakon biyu, su zuba garin madara marar mai giram 2 a kowace lita, kuma kajin su shanye cikin sa'a biyu.

Ƙwan da za a ba kaza ta kwanta a kai shi ma zafi yana ɓata shi tun kafin kwanci, domin ɗan tayin da ke ciki yana fara motsi a ɗaki mai ɗumi sannan ya mutu. A tattara ƙwai sau uku a rana, kada a ajiye na ƙyanƙyasa fiye da kwana bakwai. Dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda malamin nan na Jigawa Mohammed Bah Abba ya yaɗa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000, tana aiki a nan in iska busasshiya ce, da sharaɗin ƙwan yana kan busasshen buntu, tsininsa yana kallon ƙasa, ruwa bai taɓa ɓawon ba.